Leɓen Doña Ofelia

Duk wanda ya daɗe yana zuwa dandalin Rivadavia ranar Lahadi ya san Doña Ofelia Zunino, ya kuma san ba ta shafa jan baki. A Buenos Aires kuwa, inda tsohuwa 'yar tamanin ba ta fita sayen burodi sai ta gyara fuska, wannan ba ƙaramin abin tsegumi ba ne. Wasu suka ce takabar mijinta ce ba ta ƙare ba, wasu suka ce rowa ce kawai. Mu da muke harkar tsofaffin katunan 'yan ƙwallo mun san dalili. Leɓen nan shi ne jarinta.

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga wata maɗaba'a a unguwar Barracas, inda ake buga katunan da yara ke saya a ƙulle cikin 'yar takarda, suna musaya a bakin makaranta. Aka ɗora ta kan injin yanka. Aikin ya cinye mata yatsu, suka yi kanta har ba ta jin komai da su, ga shi kuma dole ta san lokacin da wuƙa ta dakushe. Sai ta koyi goge bakinta da hankici, ta ja gefen kati a kan leɓenta na ƙasa. Shekara ashirin da biyu tana haka, har maɗaba'ar ta rufe.

Yaran da suka sayi katunan nan suka girma, suka yi furfura, wasunsu suka yi kuɗi. Katin da uwa ke sharewa ta zuba a shara sai ga shi ya kai kuɗin mota. Daga nan sana'ar ba da maki ta shigo: ka kai katinka, a duba lafiyarsa, a ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, a rufe shi a gidan roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. Tsakanin mai shida da mai goma, kuɗin ba ya ko kama hanya.

Wani matashi mai zaƙin baki, Fabián Etchegoyen, shi ya buɗe irin wannan ofis, ya zo har dandali ya roƙi Ofelia. Ya san abin da yake yi. Mutane ba su san shi ba, ita kuwa in ta ce kati na gaske ne, magana ta ƙare. Aka riƙa buga haruffan sunanta, O.Z., a jikin kowace takardar maki. Ta kafa sharaɗi guda: kati ya zo mata a ambulan mai lamba, kada ta san mai shi.

Ganin aikinta abin kallo ne, wallahi. Ba ta shan mate, shayin ƙasar, da zafinsa sai ta tashi daga aiki, wai zafi na kashe leɓe. Takan sa kati a ƙarƙashin fitila, ta juya shi, ta shinshina, sannan ta rufe ido ta ja gefensa sau ɗaya. Sai ka ji ta ce, "An goge wannan da dutsen guga," ko "Wannan ya kwana a aljihu lokacin ruwa." Ba a taɓa kama ta da kuskure ba. A shekara shida, sau huɗu kacal ta ba da goma, kuma har yau ana iya lissafa maka katunan huɗun da masu su.

"Haba Doña, hannunki ya cika nauyi," in ji Fabián. "Ko malamin lissafi yana tausayi wata rana."

"Je ka kawo malamin lissafin ya zauna a kujerar, ɗana. Ni in tafi in yi barcina."

Abu ɗaya ne bai kwanta mata ba. Ofishin maki yana sama, a ƙasa kuma Fabián na da shagon saye da sayar da kati, har da gwanjo. Ta taɓa ce masa wanda ke ba da maki bai kamata ya zama mai sayarwa ba. Ya yi dariya ya ce ai kamfani biyu ne, ƙofa biyu, suna biyu.

"Matakalar fa?" ta ce. "Ita ma biyu ce?"

A watan Afrilu wani ambulan ya zo mata da katin Casimiro Brizuela, mai tsaron gida, na shekarar 1974. Shi ne katin da aka buga kaɗan da gangan a shekarar, don yara su yi ta saye suna nema. Ofelia ta daɗe tana kallonsa. Launinsa bai koɗe ba, akwai ɗan ɗigon tawada kusa da kunnen Brizuela, a kusurwar ƙasa ta dama kuma ga wani ɗan lotsawa a bakin gefe. Ta ja shi a leɓe, ta yi murmushi. Haƙorin yaro ne, ta ce a ranta, ya ciza don murna ko don ya hana wani ƙwacewa. Ta rubuta shida.

Ba ta san na Don Anselmo Pirovano ba ne, tsohon direban bas da ke zuwa dandali duk Lahadi ya yi ta kallo ba ya sayen komai. Matarsa na bukatar aikin ido. Da makin ya fito, shagon ƙasa ya saye katin a farashin mai shida, tsohon ya karɓa ya yi godiya, don in O.Z. ta ce shida, to shida ne.

A watan Agusta wani ambulan ya zo. Brizuela ne kuma, amma wannan fes, kusurwa huɗu tsaf, kamar yau ya fito daga inji. Ta ɗora shi a kan rula, tsawo da faɗi duk sun shiga, domin katunan shekarar ba su zo daidai da juna ba, wasu sun ɗan ɗara. Sai idonta ya faɗa kan ɗigon tawada kusa da kunne. Ta goge baki, ta ja gefen dama. Santsi, sumul.

Ta kira Fabián ya hau sama.

"An yi wa katin nan aski," ta ce. "An danne shi, an yanke gefe. Ni na ba shi shida da hannuna wata huɗu da suka wuce. Wa ya kawo shi?"

"Doña, ke kika ce kada a faɗa miki mai kaya."

"Yau na ce a faɗa min."

Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya. "Rula ta yarda, fitila ta yarda, gilashi ya yarda. Wa zai sani? Akwai mai saye daga waje yana jira. Goma ɗaya tak, Doña, ki huta da hawa bas har ƙarshen rayuwarki."

"Katin da aka yanka ba shi da maki. Ko ɗaya ba shi da shi."

Ta mayar da shi ambulan, ta rubuta hakan a baya. Ta ɗauka maganar ta mutu.

Ranar Juma'a wani mai rumfa a dandali ya nuna mata hoto a wayarsa yana taya ta murna: goma ta biyar ta fito! Ga Brizuela a gidan roba, ga goma ɓaro-ɓaro, ga O.Z. a gefe. Fabián zai kawo shi dandali ranar Lahadi kowa ya gani kafin gwanjo. Ofelia ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, kamar an kama ta da hannu a jakar wani. Shekara hamsin tana tara sunan nan, ba ta da gida nata, ba ta da mota, shi kaɗai ta mallaka.

Ranar Lahadi da hantsi ta iso dandali da wani dogon abu naɗe a tsohon bargo, tana riƙe da shi hannu biyu. Fabián ya kafa tebur da jan ƙyalle, mutane sun yi cincirindo. Da suka gan ta suka fara tafi. Ta bari suka gama, ta ajiye makullin ofis a kan teburin.

"Wannan goman ba tawa ba ce," ta ce.

Fabián ya yi 'yar dariya. "Doña ta gaji ne, jama'a. Shekaru ne."

"Shekaru ne kuwa, ɗana. Tsaya ka ga abin da suka ajiye."

Ta warware bargon. Wuƙar injin yanka ce, doguwa, ta yi baƙi. Ranar da maɗaba'a ta rufe kowa ya ɗauki abin tunawa, ita wannan ta ɗauka.

"A farkon 1974 wata ƙusa ta shiga cikin takarda, ta yi wa wuƙar nan ɗan giɓi. Mai gida ya ƙi sayen sabuwa sai da shekara ta fita. Ni ke yanka. Duk katin shekarar, gefen dama da wannan wuƙa aka yanke shi, kuma ta bar kaushi. Ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Duk mai katin saba'in da huɗu a nan, ya fito da shi, ya goge bakinsa, ya ja gefen dama."

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ba na kuma jin zan sake gani. Dattawa masu tumbi, lauyoyi, direbobin tasi, masu rumfa, kowa ya shiga zaro kati daga jaka yana goge baki da hannun riga. Dandali guda ana sumbatar kati, ido a rufe. Sai murya ta fara tashi nan da can.

"Kai! Akwai shi!"

"Wallahi ga shi nan, kamar yashi!"

"Shekara arba'in yana hannuna ban sani ba!"

Matar nan ta sa hannu a kan kowane kati da ke wurin tun kafin yawancinmu mu iya ɗaura takalmi, kuma leɓenta bai manta ba.

Sai idanu suka koma kan gidan robar. Mai rumfar nan ya miƙo filaya. "Fasa mana, Fabián. In na gaske ne, ni zan biya kuɗin sabuwar roba." Fabián ya duba hagu ya duba dama, babu hanyar fita. In ya ƙi, ya amsa laifi. Wataƙila kuma ya yi fatan kaushin nan duk ruɗin tsofaffi ne. Ya fasa, ya miƙa wa Ofelia katin.

"A'a, ni na riga na ji. A watan Afrilu katin nan mai shida ne, da haƙorin yaro a kusurwar ƙasa. Ba wani ya ji."

Wani hannu ya miƙo daga cikin taron tun kafin ta rufe baki. Don Anselmo ne. Ya karɓi katin, bai ko kai shi baki ba. Kusurwar ƙasa ta dama yake kallo, yana shafa ta da babban yatsa.

"Ina haƙorin?" ya ce a hankali. Ya ɗago ya dubi Fabián. "Yaro, ina haƙorin Lucho?"

Tsofaffin dandali sun san Lucho. Ɗansa ne, ya rasu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, shekara guda bayan ya samu Brizuela a cikin ƙullin da babansa ya sayo masa a hanyar dawowa daga aiki.

"Ranar da ya buɗe ya gan shi, cizo ya kai masa don murna," in ji tsohon. "Da na sayar, na ce wa uwarsa kada ta damu, duk inda katin ya je a duniya da haƙorin Lucho zai je."

Fabián bai nemi a mayar masa da katin ba, babu kuma wanda zai bari ya karɓa. Ya naɗe jan ƙyallensa ya bi ta bayan rumfuna. Ofishin sama bai kai ƙarshen shekara ba.

Ofelia ta rasa aikinta a ranar, ba ta kuma sake samun albashi ba. Yanzu a kan benci take zama kusa da masu tsofaffin littattafai, mutane na layi, tana rubuta maki da fensir a bayan ambulan. Babu roba, babu tambari, amma fensirin nan ya fi robar kowa daraja a garin.

Kafin taron ya watse a ranar, Don Anselmo ya zo ya zauna kusa da ita, katin na tafin hannunsa.

"Doña, yanzu nawa za ki ba shi?"

Ta karɓa, ta goge bakinta, ta ja kusurwar a hankali, har sau uku, ita da ba ta taɓa wuce sau ɗaya ba. Nema take ko an bar wani abu, ko ɗan burbushi. Ba a bar komai ba. Idonta ya kawo ruwa, don ita ce mutum ta ƙarshe da ta ji haƙorin nan, kuma a ranar can ta Afrilu maki huɗu ta cire saboda shi.

Ta zaro sabon ambulan ta sa katin a ciki, ta ɗauki fensir.

"Don Anselmo, yaya cikakken sunansa?"

"Luis Alberto."

Ta rubuta shi a inda take rubuta maki, ta sa O.Z. a ƙasa, ta miƙa masa.