Bakan Baba da Zabon Kasuwa

Akwai baka a rataye a bayan ƙofar ɗakina a Yolde Pate. Duk baƙon da ya gani sai ya tambaya ko nawa ne, ni kuma in ce masa a'a. Ajiya ce, kuma mai ita ba zai zo karɓa ba.

Ni mai faci ne a bakin titi a Jimeta. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi. A shekarar da 'yan bindigar daji suka tarwatsa garuruwan arewacin jiharmu, Yola ta cika maƙil, har a zaure ana kwana. Maƙwabciyata malamar firamare ce, Kirista. Mahaifinta ya iso mata bayan kwana da kwanaki yana tafiya a ƙasa ta kan duwatsu. Wasu sun gudo da tabarma, wasu da akuya. Shi baka da kwari kawai ya ɗauko, takalminsa ma ƙafa ɗaya ya rage. Baba kowa yake ce masa.

Kullum in na taso daga aiki sai in same shi a gindin darbejiya yana shafa wa tsirkiya mai, wato igiyar bakan. Ba ya kula kowa, abinci ma sai an yi da gaske. Malama ta ce mini tun tasowarta ba ta taɓa ganin ya yi mako bai ci naman daji ba.

Ran nan na ce, "Baba, ba ni in gwada."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mai faci, wannan ba famfon taya ba ne."

Amma ya miƙo. Na ja iya ƙarfina, ko rabi ban kai ba na saki, tsirkiyar ta ɗaye mini fatar hannu. Ranar aka fara jin dariyarsa a unguwar. Ni kuma daga ranar abin ya kama ni kamar zazzaɓi, ga ni da furfura a gemu.

Na ɗauko tsohuwar taya daga wurin aiki, na toshe tsakiyarta da kwali, na rataye a kangon da ke bayan gida. Baba ya yanko kyauro a bakin Binuwai ya yi mini kibau marasa ƙarfe. Da na idar da sallar asuba sai kango. La'asar na yi, in rufe rumfa, ko da mai mota na tsaye yana zagina. Matata takan leƙo ta katanga ta ce, "Maigida, sa'o'inka suna neman na cefane, kai kana yaƙi da taya. Ta mutu ne ko tukuna?"

Hausar Baba irin ta mutanen dutse ce, komai namiji ne a bakinsa. "Kibiya ba ya son mai gaggawa," in ji shi. In na sami kwalin na fara murna, sai ya ce, "Taya ba ya gudu. Zabo yana gudu." Shi ne ma ya ja mini kunne: "Kai Musulmi ne, ka yi bisimillanka kafin ka saki, kada ka kai wa matarka mushe."

Bayan wata huɗu ya zaro kibiya ɗaya mai ƙarfe daga kwarinsa ya ba ni. Ya ce, "A wurinmu, naman farko ba na mai harbi ba ne, na wanda ya koya maka ne. Ran da ka kawo mini, bakan nan ya zama naka. Ni ido ya tafi."

Na dinga zuwa dajin da ke gaba da Sangere. Zabi suna nan, ina ganinsu, amma su ma suna ganina. In na lallaɓa, busasshen ganye ya tona ni. In na harba, kibiya ta bauɗe. Ana haka sai aka ce hanya ta buɗe, mutane sun fara komawa, Baba kuma ya ce ran Asabar zai bi mota, gonarsa na jiransa. Kwana uku a jere na rufe rumfa ina daji. Ran Alhamis na kuskure zabo a taku goma, yana tsaye yana kallona.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga kasuwar Jimeta na sayi zabo mai rai. Na kai shi bayan rumfata na yanka, na soka masa kibiyar a ƙirji, na birkiɗa shi cikin ƙasa. Ba wanda ya sa ni. Ina so ne tsohon ya tafi da daɗi a baki, in ji ni. Gaskiya kuwa bakan nake so.

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya jinjina nauyinsa. Matata da Malama suka fito suna guɗa. Ya ce shi zai gyara da kansa, in zauna kusa da shi. Ya fige, ya farke ciki, ya tsaga ƙundun da wuƙarsa. Dusa ce a ciki da tsakin masara. Ya daɗe yana juya ta da ɗan yatsa. Sannan ya ce a hankali, yadda matan ba za su ji ba, "Ashe zabon dajin Yola yana cin dusa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka dafa, ya ci har yana tsotsar ƙashi, Malama na ta yi mini godiya wai na sa mahaifinta ya ci abinci. Da ma mari ya zabga mini a gabansu.

Da safe muka raka shi tasha. Zai hau mota sai ya sauke bakan daga kafaɗa ya miƙo mini. "Ajiye mini. Ajiya ne, ka ji? Ran da ka samu na daji, ka san hanya."

Na koma kango da taya, na koma Sangere. Damina ta wuce ban sami komai ba. Lokacin girbi, wata safiya na ji kuka a gidan Malama. 'Yan bindigar sun dawo, sun tarar da Baba a gona yana yankan dawa, shi da wasu, sun kashe su. Na ce wa Malama da ma a ce bakansa na hannunsa. Ta ce, "Baban yara, baka zai tare harsashi ne?" Na san gaskiyarta, amma har yau ban daina wannan tunanin ba.

Da rani na harbo zabon. Na yi bisimilla, na saki, ya faɗi, ko wahala bai ba ni ba. A nan dajin na tsaga ƙundunsa, ƙwari ne da 'ya'yan ciyawa. Na zauna a ƙasa na daɗe. Da na dawo na kai wa Malama. Ta dafa ta raba wa maƙwabta, ta aiko mini da cinya, na mayar. Ta ce ai yanzu bakan ya zama nawa. Na ce ba ke kika koya mini ba, ba ke za ki faɗa ba.

Yanzu an gina kangon, bene ne a wurin. Dajin Sangere ma ɗakunan ɗalibai sun cinye gefensa, kafaɗata kuma ba ta jan komai sai ciwo. Matata ta ce in sayar wa 'yan banga, suna nema. Duk Juma'a nakan sauke shi in shafa wa tsirkiyar mai, in mayar bayan ƙofa.