Ɓawon Kafso a Bayan Randa

Shekarar da maigidana ya kwanta da sankarar fata, duk wanda ya yi sallama a gidanmu na Gwallameji, hannunsa nake fara kallo kafin fuskarsa. Allah ya yafe mini, amma a Bauchi ba a zuwa dubiya da lemo da ayaba kawai. Kowa likita ne. Wannan ya zo da garin magani ƙulle a leda, wancan ya ce maƙwabcinsa ya yi irin ciwon, kafso ya sha ya miƙe. Sai in karɓa in yi godiya, suna fita in zuba a masai.

A tafin ƙafa ciwon ya fito masa, ɗan baƙin tabo kamar tawadar Allah, har ya fashe ya ƙi warkewa. Aka yanke, sai ga kaluluwa a matsematsinsa. Likita ya ce za a riƙa yi masa wani ƙarin ruwa duk bayan 'yan makonni, wanda ke tayar da garkuwar jikin mutum ta yaƙi ciwon da kanta. Wahalar da muka sha kafin a samo ruwan nan, Allah kaɗai ya sani. Ranar farko likitan ya zaunar da mu ya ja mana kunne. Kada maigida ya sha kafso ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da saninsa, domin akwai ƙwayoyi masu amfani a hanji da ke taya ruwan aiki, shi kuwa kafso ba ya zaɓe. In shan ya zama dole, shi zai rubuta. Sannan in gudawa ta zo, a kira shi nan take, don ruwan kansa yakan kumbura hanji, wani lokaci har sai an dakatar da shi.

Ni malamar firamare ce a Inkil, da safe nake hawa keke napep in tafi. Saboda haka yayar maigida ta zo daga Zungur don ta taya ni jinya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mace ce mai kirki, ban taɓa musun wannan ba, amma a wurinta kafso ja da rawaya maganin komai ne. Ta barbaɗa a gyambo, ta jiƙa wa kaji, na taɓa ganin ta buɗe shi a cikin kunun jikanta da idona. Ranar da ta iso na maimaita mata maganar likita har sau biyu. Ta ce, "To, amarya, na ji." Har yau amarya take ce mini, ga 'ya'yana sun kai jami'a.

Wata Asabar ina shara na ja randa, sai ga ɓawon kafso a bayanta, rabi ja rabi rawaya. Na ɗauka na duba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Dama kwanakin nan na lura maigida na yawan shiga banɗaki, in ya shiga kuma sai ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba. Na tambaye shi, ya ce waken jiya ne. Waken jiya kullum?

Daga ranar na zama 'yar sanda a gidana. Kunun da Yaya ta dama masa sai na ɗanɗana, ina neman ɗaci. In dawo daga makaranta kafin a tashi, in shigo ba sallama. Ban kama komai ba, amma ɓawo na biyu ya fito a kwandon shara. Rannan tana sallar la'asar na kwance ƙullin kayanta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ga shi kuwa, kati guda na ja da rawaya a ƙarƙashin zannuwa, an ɓalli wasu.

Tana sallamewa na ajiye mata shi a kan darduma. Na ce, "Yaya, kashe shi kika zo yi ko jinya? Mutum ne wannan, ba kazar Zungur ba!"

Bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci, kuma ranar na sake shi sosai. Ta dubi katin, ta dubi ƙofar ɗakin da ƙanenta yake kwance, sannan ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Shi ke nan abin da ta faɗa. Shi ma yana jin komai daga ciki, ko tari bai yi ba. Washegari ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye, ni kuwa na ji wani sanyi a zuciyata, na ce na raba gidana da masifa.

Bayan 'yan kwanaki na jiƙa farar jallabiyarsa ta masallaci. Da na dawo wanki, ruwan wajen aljihu ya koma rawaya. Na sa hannu, na zaro kafso biyu sun narke sun manne da yadi. Ashe ɓarawon a kan gadona yake kwana.

Na shiga ɗaki da rigar tana ɗiga. Na ce, "Malam, wannan fa? Ko Yaya ce ta aiko da shi daga Zungur?"

Ya dubi rigar. Sannan ya ce shi yake saye, a kemis ɗin bayan masallaci, in ya dogara sandarsa ya fita azahar. Gudawar ta daɗe, yanzu har da jini. Ya ce, "In na faɗa za su tsayar da ruwan. Ke kin san yadda aka yi aka samo shi. Na ce bari in tsayar da cikin da kaina, kada kowa ya sani."

Wallahi na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa jiƙaƙƙiyar rigar. Tsoro ne ya fi ƙarfina, na fita na tare keke.

A asibiti suka kwantar da shi. Likita ya ce hanjin ya kumbura ƙwarai, ruwan ne ya jawo, kuma irin wannan kumburi kafso ba ya taɓa shi. Da an zo da wuri, in ji shi, da wataƙila ɗan hutu da magani sun isa. Na tambaye shi ko kafson ya rage wa ruwan ƙarfi. Ya ce wannan ba wanda zai iya rantsewa a kai.

Da labari ya kai Zungur, Yaya ta zo asibitin da kwanon tuwo, na tare ta a baranda. Na ce, "Yaya, kin san shi ne yake shan kafson da kansa?"

Ta ce, "Na gan shi yana sha. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Wancan katin na kajina ne."

"To don me kika bar ni na ci miki mutunci?"

"Ni in kin yi fushi da ni, ina da Zungur. Shi in kin yi fushi da shi, wa zai wanke masa ƙafa?"

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce mata wannan rufin asirin nata ne ya bar jini yana zuba. Ta share ido da bakin mayafi ta ce ita a saninta zawo kafso ne maganinsa, ba ta san wani abu bayan wannan ba.

Cikin ya lafa. Ranar sallama maigida ya tambayi likita yaushe zai dawo ƙarin ruwa. Likitan ya ce hanjin ba zai sake ɗauka ba, sai dai a nemi wata hanya. Muka dawo gida. Ina cire masa kaya na ga ya ɗan dafe matsematsinsa. Na ce, "Kaluluwar ce?" Ya ce babu komai. Na ture hannunsa na taɓa da kaina. Ta ƙaru.