Allon da Aka Kai Bobi

A gidan karatu aka haife ni, cikin tsohuwar unguwa a Kontagora, kuma baffana, ƙanin mahaifina, shi ya rene ni, shi ya ɗora hannuna a kan alƙalamin kara. Ban cika shekara ashirin ba sai da ya zamana duk wanda ɗansa zai yi saukar Alƙur'ani a unguwarmu, ni yake kawo wa allo in yi masa zayyana.

A ƙarshen shekarun tamanin ina koyar da Larabci a wata makarantar sakandare. Abokina malamin lissafi ya dawo daga kwas a ƙasar waje da wani wasa wanda ba mu taɓa gani ba. Akan kewaye tebur, mutum guda ya riƙe labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin: wannan maharbi, wancan falke, wani maƙeri. Idan falke ya ce zai ƙetare kogi da jakunansa, sai ya jefa ƙwayar ludo, ɗigon da ya fito shi zai nuna ko ya haye ko ruwa ya ci kayan. Ba caca ba ce, amma ban taɓa gaya wa Baffa ina yi ba, domin a wurinsa duk abin da ake jefa wa ƙwaya sunansa ɗaya.

Sannu a hankali wasan ya kai ga wasu malaman gona a Rijau, da wasu masu gadin daji a Zugurma. Da muka haɗu a hutun damina, aka ce ya kamata ƙungiyoyin uku su yi tambari guda, wanda za a buga a takardar gayyata da bangon littafin da muke rubuta labaran. Mutanen Rijau suka ce a zana damin dawa. Na Zugurma suka ce kan ɓauna, suka kuma ƙara da cewa dawa ai abincin tsuntsu ce. Ni na ce hannuna ba ya zana mai rai. A bar ni in yi zayyana mai gida uku, kowane gari da gidansa, da ɗigon ƙwayar ludo a ciki. Aka yarda.

Hannuna bai saba da takarda ba a irin wannan aiki, saboda haka na ɗauki allo. Na ja layukan da tawadar gida, ta gawayi da ƙaro, wadda ko jariri ya lasa ba abin da zai same shi. Amma ja da koren da na cike gidajen da su, daga ɗakin zane na makaranta na aro su, kuma a jikin kwalbar jan an rubuta da Turanci cewa kada a kai shi baki. Na gama da sassafe ranar Litinin, na jingine allon a zaure don ya bushe, fuskarsa ga bango kamar yadda muke yi wa kowane allo, na tafi aiki.

Baffa yana yi wa marasa lafiya rubutun sha. Yakan rubuta ayoyi a allo ya jingine a zauren nan, mai shi ya zo ya ɗauka, ya wanke a gida ya sha ruwan, daga baya ya maido allon. Da na dawo kafin azahar, na tarar da allon Baffa yana nan a jingine, nawa babu.

Na daɗe a tsaye ina duban bangon. Sa'an nan na shiga wajen Baffa na durƙusa, na tambaye shi ko wani ya zo. Ya ce da hantsi wani Bafillace ya zo daga wata ruga kusa da Bobi, wanda matarsa ke fama da laulayin ciki; ya ce masa daga ɗaki ya ɗauki allon da ke bakin ƙofa. Mutumin ba ya karatu. Ko da ya juya allon, abin da zai gani shi ne gidaje da ɗigo, kamar hatimin da malamai ke zanawa.

Na ga cewa idan na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, na kuma ga mace tana kai ludayi baki. Na faɗi komai, da wasan, da tambarin, da kwalbar. Baffa ya tsallake zancen wasan, ya tambaye ni:

"Jan nan, yana kisa?"

Na ce ban sani ba, Baffa.

"Cikinta wata bakwai. Tashi."

Na sa kwalbar a aljihu, na je na taso malamin lissafi daga cin abinci, muka hau babur ɗinsa. Hanya duk taɓo. Shi da ba ya iya rufe baki, magana ɗaya ya yi a tafiyar nan, lokacin da muka kusa zamewa a wani kwazazzabo: "Alaramma, riƙe ni da kyau, kada mu ma a yi mana rubutun." Ban yi dariya ba. Ina ta lissafi a zuci: mutumin ya tashi da hantsi, in ya sami mota ya isa tun kafin azahar, kuma wanda matarsa ke kwance ba ya jiran gobe. Duk addu'ar da na ɗauko sai ta tsinke mini a tsakiya.

A Bobi muka yi tambaya, aka nuna mana hanyar shanu. Mun isa rugar da la'asar. Abin da idona ya fara faɗa wa shi ne allona, a wanke, jingine da bukka, jan ya bar shaida a jikin itacen.

Maigidan ya tarye mu da murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma aka kawo nono. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba, har da launi. Lallai Malam ya girmama shi. Ya ce matar ta sha ludayi guda da nono, saura yana cikin ƙwarya na kwana uku. Na ce masa ba rubutun Malam ba ne, zanen wasa ne na yi, kuma akwai abin cutarwa a ciki.

Ya dube ni, ya dubi sandarsa, ya sake dubana.

"Wasa? Kai ba ɗan gidan Malam ba ne?"

Na ce ni ne. Mahaifiyarsa, wadda ke sauraro daga bakin bukka, ta ɗauko ƙwaryar ta juye a ƙasa. Ruwan ya kwanta ja-ja-ja a kan yashi. Daga ciki muka ji matar tana kakarin amai.

Aka ɗora ta a babur tsakanin abokina da surukarta, aka nufi ɗakin shan magani na Bobi, ni da mijin muka biyo su a ƙasa, yana gaba ina baya, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Malamin asibitin da ke ɗakin shan magani ya karanta kwalbar, ya ce abin da ta sha kaɗan ne kuma ta amayar, ita dai in Allah ya so za ta tashi. Da mijin ya tambayi abin da ke cikinta, sai ya ce wannan ba zai iya yin alkawari ba, a jira.

Wata biyu muka jira. Baffa ya sake rubutun da hannunsa, ya ce ni zan riƙa kai shi kowace Asabar in dawo da labari, kuma kada in ɗora alƙalami a kan allo a gidan sai ta sauka. Tambarin kuwa, abokina ya ja zobba uku da kamfas ɗinsa na lissafi, shi aka buga. Ban je zaman da ƙungiyoyin suka yi a kai ba. Kowace Asabar nakan tsaya a nesa da rugar in kasa kunne kafin in ƙarasa, ko zan ji kuka. Mijin yakan karɓi allon ya ce da sauƙi, ya juya. In aka yi sallama a ƙofarmu da baƙuwar murya, sai in miƙe in leƙa.

Wata safiyar Juma'a, bayan an fara yankan dawa, ina zaune a zaure tare da Baffa sai ga mijin da ƙwaryar man shanu. Ya gaida Baffa, gaisuwa mai tsawo, da shanu da iyali da gajiya. Daga ƙarshe ya ce matar ta sauka jiya, an sami mace, tana tsotso, uwa da ɗiya lafiya. Baffa ya yi hamdala ya shafa fatiha.

Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmi, bai dube ni ba.

"Malam ƙarami, suna ranar Alhamis. Ka dai san hanya."

Baffa ya tashi ya raka shi. Ranar Alhamis na je, aka ba ni jaririyar na riƙe.