Firayim Ministan Tudun Kuza Ya Sauka

Malam Uzairu shekararsa sittin da ɗaya, mai gyaran keken ɗinki ne a Gangare, kuma ya yi shekara goma sha huɗu yana Firayim Ministan Tudun Kuza. Ƙasar ba ta cikin taswira. A wasan kwaikwayon rediyo take, wanda wata tasha a Jos ke sawa duk yammacin Alhamis.

A Tudun Kuza sarki na kan gadonsa, amma mulki na hannun wanda majalisa ta zaɓa. Baba Alphonsus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ne sarkin, kuma aikinsa duk mako kalma biyu ne: "Na amince." Sauran maganar duk ta Malam Uzairu ce. Sannu a hankali muƙamin ya bi shi gida. In tela ya kawo keke, sai ya ji za a kafa kwamiti. In matarsa Suwaiba ta tambayi abin da za a dafa, sai a ce gwamnati na nazari.

A bana Munachi, mai rubuta wasan, ta shigo da ƙuri'ar rashin amincewa. Ta ce masu sauraro su ne majalisa, su aiko da saƙon waya, in ya faɗi kujera ta tafi. Malam Uzairu ya ce ko a jikinsa. Amma an gan shi yana gaishe da mutanen da rabonsa da su tun bikin ɗansa, har Naraguta ya je duba wani keke da lafiyarsa ƙalau.

Ya faɗi da ƙuri'a uku. Ban da tasa, wayoyi uku ne a gidansa.

"Malam, ai kai ka koya mana ƙuri'a sirri ce," in ji Suwaiba.

Ya lallaɓa wajen Baba Alphonsus, ko sarki zai ƙi karɓar murabus.

"Oga, shekara sha huɗu kana nuna mini ba ni da ta cewa. Yau ka tuna da ni?" in ji Baba Alphonsus.

Alhamis ɗin da ta wuce ya karanta takardar murabus ba gargada, sarki ya amince. Daga nan ya ja Munachi gefe, ya tambaye ta aikin madugun adawa. Ta ce ba shi da aiki sai magana. Nan take ya karɓa.

Da ya isa gida ya tarar da tuwo. Ya ɗanɗana, ya shaida wa Suwaiba cewa adawa ba ta gamsu da gishirin miyar ba, sannan ya miƙa kwano a ƙara masa.