Baƙin Hankici

Tana zaune a benci a ƙofar likitan yara, doguwar mace, mayafinta ya zame ba ta ko gyara ba. 'Yarta na kwance a cinyarta, leɓɓa sun yi shuɗi-shuɗi, tana haki kamar ta sha gudu, alhali tun safe ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Yanzu likita ya gama yi musu bayani, ita da mijinta. A huhun yarinyar, jijiyar da ke kai jini ta haɗe da mai dawo da shi, sai jinin ya yanke hanya bai ɗebi iska ba. Sau da yawa gado ne, in ji shi. Ko akwai masu yawan haɓo a dangi?

"Babu," mijin ya amsa, ko ido bai ƙifta ba.

Ga shi can jikin taga, ya juya baya, ya toshe hanci da baƙin hankici, irin wanda ba ya nuna jini. Kallon da take masa ba na mamaki ba ne. Da gani ita ke wanke hankitan nan shekara da shekaru, ana ce mata zafin rana ne. Wataƙila kuma ita surukarta ke yi wa gori, wai daga danginta aka kwaso ciwo.

Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta je ta zare hankicin daga hannunsa.

"Haba Maman Auta, ina za ki da shi?"

"Wurin likita, Baban Auta. Kai ka ce babu. Bari ya ji ta bakin hancinka."