Sandar Karimu Ta Tafi Rakiya

Karimu bai taɓa yarda a kira abin da yake yi wasa ba. Duk wanda ya leƙa ɗakin taron unguwa da ke bayan Stockport Road a Levenshulme, ya tarar da dattijo a sunkuye kan jiragen ƙasa da ba su fi cokali tsawo ba, ya ce masa, "Baba, ana wasa ne?" to ya gama jin muryarsa a ranar.

A zangon Sekondi aka haife shi, can Gana. Shekara goma sha tara ya yi a reluwe. Ya fara da shafa wa mahaɗar layi mai, ya ƙare yana riƙe da wata ƙaramar tasha a cikin kurmi, inda layi ɗaya ne tak, mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke bi. Da jirage suka yi ta raguwa har ciyawa ta fara rufe dogo, sai ya bi yayan matarsa zuwa Manchester. Tun daga nan kwalaye yake ɗauka a wani sito na 'yan sari a Cheetham Hill. Gwiwarsa ta hagu a nan ta lalace. Bai taɓa kai wa kowa kuka ba, don ya lura masu yawan kukan ba su ne ke ɗaukar kwalayen ba.

Ƙaramin layin nasa na ɗakin taro faifan katako shida ne, in an jera su mita bakwai. Tasha biyu ya yi, Bakin Ruwa a wannan ƙarshe, Kurmi a wancan, a tsakani kuma layi ɗaya da gada da itatuwan koko na waya da soso. Shekara goma sha ɗaya yana haɗa shi. Amma ba kyan ne ya dame shi ba, aikin ne. Yana da agogo mai gudu, wanda ke cinye awa guda a minti goma. Kowane tarago da katinsa, mai faɗin abin da ya ɗauko da inda za a sauke shi. Jirgin fasinja da lokacinsa, na kaya da nasa. Sama da komai kuma akwai sanda: guntun tagulla mai tsawon yatsa, guda ɗaya a duniya. Jirgi ba ya shiga layin nan sai direbansa na riƙe da ita, in ya isa ya miƙa wa mai tasha hannu da hannu. Tunda sandar ɗaya ce, jirgi biyu ba za su taɓa haɗuwa a tsakiya ba. Haka aka koya masa yana saurayi, haka ya yi shekara goma sha tara ba a taɓa kwasar gawa a layinsa ba.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Da 'yarsu Sherifatu ta yi aure, hukumar gidaje ta ce ɗakinta ya zama rara, shi da matarsa Abibatu suka koma wani fulat mai ɗaki ɗaya a saman shago. Bayan shekara guda tallafin da ke riƙe da ɗakin taron unguwa ya yanke. Aka liƙa takarda a ƙofa: duk mai kaya ya kwashe kafin ƙarshen Nuwamba, abin da ya rage bola za a kai.

"Ko faifai ɗaya ka shigo min da shi," in ji Abibatu, "sai dai ka zaɓa, ko shi ya kwana a gadon ko ni."

Mutum ɗaya ya rage masa a harkar, wato Jumare, malamin jami'a daga Zariya, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, wanda ya zo karatun digiri na uku a kan harkar sufuri. Karimu na kiransa Dokta, duk da shekara ta biyar ke nan bai gama ba. Jumare ya san tarihin kowane layin dogo daga Legas zuwa Nguru. Ya iya awa guda yana bayanin yadda za a gyara reluwen Afirka baki ɗaya, tarago na gefensa a kife bai gani ba. Amma gaskiya ɗaya, shi ya samo mafita. Akwai wata ƙungiyar masu irin wannan harka a Birmingham, a saman wata tsohuwar masana'anta kusa da Balsall Heath, suna da bango guda da ba kowa, inda za a iya kafa layi. Mutum biyu ke nema. Sakatariyarsu, wata dattijuwa mai suna Catherine, ta rubuto cewa su zo ranar Asabar su nuna aiki na minti arba'in. Ta ƙara da cewa su ba masu kallon jirgi na zagaye ba ne, aiki suke son gani.

Karimu ya ari motar kaya a wurin aiki. Abibatu ta shiga gaba, don ƙanwarta na Birmingham kuma ta samu mota kyauta. Tun daga Stockport har suka sauka daga babbar hanya Jumare bai rufe baki ba.

"Baba Karimu, na shirya 'yar gabatarwa ta minti goma, in ɗan ba su background."

"Minti arba'in aka ba jirgi, Dokta. Ba a ba ka ko ɗaya ba."

Suka hau da faifan shida ta matattakala, gwiwar Karimu na ƙara a kowane taki. Ƙarfe biyu daidai Catherine da wasu tsofaffi biyu suka zauna da takardu a cinya. Abibatu ta samu kujera a lungu, jaka a ƙafa, fuska a ɗaure. Karimu ya tada agogo. Ya miƙa wa Jumare sanda a Kurmi, jirgin kaya ya tashi da tarago bakwai, ya haye gada a hankali kamar mai nauyin gaske. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya gyara tabarau.

Daidai lokacin da jirgin ke shiga Bakin Ruwa aka yi sallama daga ƙofa. Wani dattijo ne cikin babbar riga da kwat a sama, Alhaji Gidaɗo, aminin mahaifin Jumare, wanda ya shekara talatin a Balsall Heath. Jumare ya gaya masa za su shigo gari, shi kuma ya ga bai kamata a zo unguwarsa a tafi ba a gaisa ba. Ya nufo Karimu kai tsaye da hannu a miƙe. Babba ne, ya girme shi. Karimu ya ajiye abin da ke hannunsa ya karɓa da hannu biyu. Ina gajiya, ina iyali, ya hanya, ya sanyi, ya mutanen Manchester. Kafin a kai ƙarshe agogo mai gudu ya cinye kusan rabin awa.

Ya koma da sauri ya shiga rarraba taragu, na koko zuwa sito, na katako zuwa bakin jirgin ruwa, kowanne bisa katinsa. A bayansa ya ji Alhaji na cewa shi ba zai zauna ba, dama gaisuwa ce. Ya ji Jumare na cewa, "Bari in taka maka zuwa ƙofa, Baba." Bai ɗago ba.

Da lokacin jirgin fasinja ya yi, ya kai hannu kan ƙusar da ake rataye sanda. Wayam.

Nan take ya san inda take, kuma ya san laifin ba na Jumare kaɗai ba ne. Hannun da ya kamata ya karɓi sanda shi ya ba Alhaji. Ya leƙa matattakala, ba kowa. Ya leƙa ta taga, ya hango babbar riga da Jumare suna shan kwana a ƙarshen titi, ana tafe ana hira. Shi kuwa ya san irin wannan rakiya. Daga ƙofa sai bakin titi, daga bakin titi sai tashar bas, in bas ya yi jinkiri sai a ce ai gidan ma ba nisa, shigo ka gaida Hajiya. Ya kira wayar Jumare. Ta yi ƙara a aljihun kwat ɗin da ke rataye a bayan kujera.

Jirgin fasinja na tsaye, sigina a rufe, agogo na gudu.

"Akwai matsala ne?" Catherine ta tambaya da Turanci.

"Sanda ta fita daga tasha. Layi a rufe yake."

Tsoho mai tabarau ya zaro biro daga aljihu ya miƙo. Ya ce a ɗauka wannan ce sandar, ai kowa na gani ba komai a layin.

"In na karɓa, sanda ta zama biyu," in ji Karimu. "Na gode."

Catherine ta dubi agogon hannunta, ta rubuta wani abu. Saura minti ashirin da biyu, kuma mutumin da ke neman bangon tare da su ya riga ya fara shigo da akwatunansa.

"Malam," Abibatu ta yi magana daga lungu da Hausa, ba ta ko rage murya ba, "don Allah tura abin nan mu tafi. Wa zai mutu? Mutanen ciki na roba ne, ni na saya maka su."

"Na sani."

"To? Shekara goma sha ɗaya za ka zubar a bola saboda guntun ƙarfe?"

Karimu ya tsaya yana kallon layin. Abu mai sauƙi ne, ya murɗa maɓalli kawai. Amma in ya murɗa, to abin da ya kawo Birmingham wasa ne, kuma duk waɗanda suka faɗa masa haka sun yi gaskiya.

Sai ya tuna wata damina da wani direba ya yar da sanda a rafi. Ba a rufe reluwe ba a ranar. Akwai abin da littafin dokokin reluwe ya ce a yi.

Ya yage takarda ya rubuta kwanan wata da lokaci, ya rubuta cewa sanda ta ɓata, an soke ta. Ya juya ga alƙalan ya yi musu bayani a taƙaice: in sanda ta ɓata, mutum ake naɗawa ya zama sanda. A ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, kuma jirgi ba ya shiga layi sai da shi. Mutum ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu. Shi Karimu tuƙi zai yi, kuma direba ba ya ba kansa izini. Ya roƙi aron jan mayafin ulu da ke wuyan Catherine. Sannan ya nufi lungu.

"Hajiya, taso."

"In taso in yi me?"

"Aiki na ba ki."

"Ni? Da girmana? A gaban Turawa?"

"In kin taso, minti ashirin mu tafi gidan ƙanwarki Ramatu. In ba ki taso ba, faifai shida za su kwana a falonki yau."

Ta taso tana tsaki. Ya ɗaura mata mayafin a damtse, ya sa ta sa hannu a takarda. Jirgin fasinja ya tashi, Abibatu na tafiya a gefensa taki ɗaya-ɗaya, jaka a kafaɗa, tana faɗin abubuwa a kan dangin Karimu waɗanda Allah ya sa alƙalan ba sa ji. Suka isa Kurmi. Suka dawo da wani na kaya. Ta ja kujera a Bakin Ruwa ta zauna tana haki.

Lokaci ya matse. Karimu ya ɗingisa zuwa Kurmi, ya haɗa jirgi na ƙarshe, ya buɗe sigina, hannunsa ya kai kan maɓalli.

"Kai!" Muryar Abibatu ta cika ɗakin. "Ina za ka? Ni ina nan, kai kana can. Wa ya ba ka hanya?"

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Tsoho mai tabarau bai ji Hausa ba, amma ya gane, ya fashe da dariya har da buga cinya. Abibatu ta miƙe a natse, ta gyara mayafin, ta tako mita bakwai ɗin nan ba tare da gaggawa ba, ta tsaya a gaban mijinta, ta ce, "Yanzu ka tafi."

Sun gama da lattin minti shida. Karimu ya rubuta lattin a takarda da dalilinsa, ya miƙa wa Catherine tare da mayafinta.

Suna cikin jiran ɗayan mutumin ya gama nasa sai ga Jumare, yana haki, da leda mai ƙamshin dambu a hannu.

"Baba Karimu, wallahi Hajiya ce ta rantse sai na ci. Ka san ba yadda za a yi in..."

"Aljihunka na dama, Dokta."

Jumare ya laluba, ya zaro tagullar, ya tsaya yana kallonta. Ya miƙa wa Karimu ita da hannu biyu.

Wajen ƙarfe huɗu Catherine ta zo. Ta ce bangon nasu ne. Ta ce sharaɗi ɗaya, ya riƙa zuwa Asabar biyu a wata yana koya wa mutanensu aikin layi ɗaya. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, da wannan gwiwar. Ya ce to.

"Kada ka sa ni a lissafi," in ji Abibatu. "Na yi ritaya."

Suka ɗauki faifan suka kai jikin bangon. Biyar suka zauna daidai. Na shida ya tokare da bututun ɗumama ɗaki, ya rage kamu ɗaya da rabi ya shiga. Jumare ne ya karɓi awon bangon ta waya tun farko, kuma bai tambayi ko akwai bututu ba.

"Ba matsala," in ji Jumare. "In muka koma zan zana shi a kwamfuta, mu duba options guda uku, sannan mu..."

Karimu ya auna da hannu, ya ja layi da fensir a ƙarshen tashar Kurmi, daidai kan rumfar masu sayar da ayaba da ya yi wata biyu yana haɗawa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ga Catherine ya tambaya ko suna da zarto.