Siluvai Mai Lamba Ɗaya

Siluvai bai taɓa ɓoye hassadarsa ba. In kwandon kifin wani ya fi nasa nauyi a bakin tekun Kolachal, a fuskarsa za ka fara gani, sannan ka ji a bakinsa. Shekara talatin babu masuncin da ya kai shi sanin duwatsun ƙarƙashin ruwa inda kifi ke taruwa. Da ido yake awo: in hasumiyar coci ta daidaita da kan tsauni, wata bishiyar kwakwa mai doro kuma ta daidaita da rumbun gishiri, sai ya ce a saki ƙugiya.

Ana nan ƙanin matarsa, Kurusu, ya sayo 'yar na'ura mai nuna wuri da lambobi. Mutumin da bai san gabas ba sai rana ta fito, ya shiga zuwa can inda ba a hango tudu, yana dawowa da manyan kifaye.

"Yaya, ko in ara maka?" in ji Kurusu. "Na ga idon ya fara gajiya."

"Riƙe abinka, makaho mai sandar batir."

Amma abin ya ci Siluvai har ya sayi tasa a ɓoye. Wata Lahadi, suna cin shinkafa da miyar kifi a gidan Kurusu, ya ga littafin lambobinsa a buɗe. Ya kwafi layin sama a tafin hannu.

Kashegari ya tuƙa kwalekwalensa har lambar na'urarsa ta daidaita da wadda ya kwafo. Ba kifi. Ya yi gabas, lamba tana nan. Ya yi yamma, tana nan. Kwana uku yana ƙona mai a banza.

Matarsa Lurdammal, wadda ta yi aji takwas, ta dubi lambar ta ce, "Ina ɗayar?"

"Wace ɗayar?"

"Maigida, wannan nisanka arewa da tsakiyar duniya kawai ta faɗa. Layi ne da ya zagaye duniya, in ka bi shi har Afirka za ka kai. Sai ka haɗa da ta gabas, inda suka gitta nan ne wurin. Kai da coci kaɗai kake gane dutsenka? Ba sai ka haɗa da kwakwa ba?"

Siluvai ya ce, "Ashe dabarata suka sace suka cusa a akwati."

Kafin mako ya zagayo, har masu sayar da ƙanƙara suna kiransa Mai Lamba Ɗaya. Wurin Kurusu dai bai taɓa samunsa ba. Sai ya bi duwatsunsa goma sha ɗaya, ya rubuce lambobin kowanne, biyu-biyu, a littafi, ya kulle.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Kurusu ya zo dubiya, ya roƙi lambar babban dutsen. Siluvai ya juya ga matarsa.

"Littafin na 'ya'yana ne. Kurusu kuwa jininki ne, kada a hana shi. Ki ba shi ta sama kawai."